Dan Allah masana adabi, waƙoƙin yaƙi na Turawan Ingila sun ɗaure min kai

Ɗalibar Adabi:

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah taimako nake nema wajen duk wanda ya san kan adabin Turanci. Ina aji biyu a jami'a, wannan zangon muna yin kwas na rubutattun waƙoƙin Ingila, an bamu aiki wai mu tattauna yadda mawaƙa suke siffanta abinda soja yake gani a fagen fama, aka ce mu ɗauki Tennyson da Rupert Brooke da Wilfred Owen da Siegfried Sassoon, wanda yake so ya ƙara wani.

Matsalata itace yadda aka nuna mana abin a aji kamar an riga an yanke hukunci, Brooke maƙaryaci ne mai zuga yara su je su mutu, Owen kuma shine mai faɗin gaskiya, shikenan, kuma na san duk 'yan ajinmu haka zasu rubuta. Amma ni da na karanta The Soldier ta Brooke wallahi ta min daɗi kuma banji alamar mutumin ƙarya yake ba. Sannan shi Owen ɗin in har ya tsani yaƙi haka, me ya maida shi bayan an kwantar da shi a asibiti? Abu na uku kuma kada ku min dariya, mu da muka taso da jin kirari inda namiji baya faɗin tsoro, wasu waƙoƙin nan sai nake jinsu kamar raki. Raki ne ko nice ban gane ba?

Tsohon Ticha:

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayarki ta fi amsar da 'yan ajinku zasu bayar, kada ki bari su ja ki.

Abu na farko da zaki riƙa tambaya akan kowace waƙa shine a ina mutumin yake tsaye lokacin da ya rubuta ta, kuma a wace shekara. Tennyson bai taɓa zuwa fagen yaƙin Kirimiya ba, yana gida a Ingila ya karanta a jaridar Times labarin abinda ya faru a Balaclava ranar 25 ga Oktoba 1854, inda aka ba dakarun dawaki su ɗari shida da wani abu umarnin da aka rikita, suka sukwano kai tsaye cikin kwari suna fuskantar igwogin Rasha. Shi kuma a lokacin shine mawaƙin fadar Sarauniya, dan haka aikinsa ne ya girmama su, sai ya rubuta The Charge of the Light Brigade. Ki karanta ta da ƙarfi zaki ji karin yana tafiya kamar sukuwa, amma babu wari babu jini, mutuwar daga nesa ake hangota. Duk da haka ko shi sai da ya saka cewa wani ne ya tafka kuskure, kuma sojan bashi da ikon tambayar dalili. To kinga tun 1854 ƙorafin yana nan a ciki, an dai lulluɓe shi da yabo.

Brooke kuma a ƙarshen 1914 ya rubuta tasa, yaƙin duniya na ɗaya yana ɗanye, abinda ya gani kawai shine janyewar da aka yi daga birnin Antwerp na Beljiyam a watan Oktoba. Abinda yake cewa shine in na mutu a wata ƙasa to wannan ɗan gurbin da aka binne ni ya zama Ingila har abada. Ba ƙarya yake ba, haka dubban samari suke ji a ransu a wannan shekarar. Ya rasu ranar 23 ga Afrilu 1915 yana da shekara 27, a jirgin ruwan asibiti kusa da tsibirin Skyros na Girka suna hanyar fagen yaƙin Gallipoli a Turkiyya, kuma ba harsashi bane ya kashe shi, cizon sauro ne ya ruɓe gubar ta shiga jininsa. Makonni kaɗan kafin nan an karanta waƙar a babban cocin St Paul na Landan ranar Ista, da ya mutu Churchill da kansa ya rubuta yabonsa a jarida. Manya ne suka ɗauke shi suka maida shi tuta. Bai kai ga ganin gumurzun Somme a Faransa ba, inda a rana ɗaya tak, 1 ga Yuli 1916, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu, in aka haɗa da masu rauni da waɗanda suka ɓace kusan 57,000. Ba adalci bane a tuhume shi da ɓoye abinda bai rayu ya gani ba.

Yanzu ki dawo kan Dulce et Decorum Est ta Owen, 1917, ki lura da abinda ya fara da shi. Babu tuta babu doki. Sojoji ne suna janyewa daga bakin daga sun ranƙwafa kamar tsofaffin mabarata, suna tari, wasu takalmansu sun ɓace suna tafiya da jini a ƙafa, wasu ma barci suke a tsaye suna tafiya. Sai aka yi ihun iskar guba, kowa ya shiga kiciniyar saka abin rufe fuska, mutum ɗaya bai samu ya saka ba. Owen yana kallonsa ta cikin gilashin da ya yi hazo, komai ya koma kore, mutumin yana shure-shure kamar mai nutsewa a ruwa. Suka jefa shi a keken ɗaukar kaya suna biye da shi, duk inda keken ya yi tsalle sai kaji jini yana ɓulɓulowa daga huhunsa. Sai a ƙarshe ya juyo ga mai karatu yace da ka ga wannan da baka faɗa wa yara tsohuwar ƙaryar nan ba, wato maganar mawaƙin Rumawa Horace cewa mutuwa dan ƙasarka abu ne mai daɗi da daraja. Abinda ɗalibai suke tsallakewa shine ɗango biyu da ke tsakiya, inda yace a duk mafarkinsa mutumin yana kawo masa cafka yana shaƙewa shi kuma ba abinda zai iya yi. Ni a ganina nan ne zuciyar waƙar, Owen hafsa ne, yaransa ne, yana tsaye yana kallo.

Maganar raki kuwa, mai raki baya komawa. Owen ya koma Faransa a 1918 da ƙafarsa, a watan Oktoba ya samu lambar yabo ta Military Cross saboda ya ƙwace mashinga daga hannun Jamusawa ya juya musu ita. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamba 1918 wajen ƙoƙarin ƙetare mashigin ruwan Sambre, yana shekara 25, saura mako ɗaya a tsagaita wuta. Saƙon mutuwarsa ya iske mahaifiyarsa a Shrewsbury ranar 11 ga wata ana kaɗa ƙararrawar murna a gari. Sassoon kuwa saboda ganganci abokansa Mad Jack suke ce masa, shima yana da irin wannan lambar tun 1916. A Yulin 1917 ya miƙa takarda yace ba zai koma ba dan masu ikon tsaida yaƙin da gangan suke jansa, har aka karanta ta a majalisa. Da kotun soja zai fuskanta, abokinsa Robert Graves ya shiga ya fita aka ce ai firgicin yaƙi ne ya taɓa shi aka tura shi asibitin Craiglockhart a Edinburgh, can ya haɗu da Owen, har da hannunsa a gyaran waƙar Owen mai suna Anthem for Doomed Youth. Kuma shima daga baya ya koma. Dukkansu abu ɗaya ne ya ja su, yaran da suka baro a ramukan bakin daga.

Ɗan Bariki:

Malam Allah ya ƙara basira, amma ni ina da ɗan ja. Duk waɗanda ka lissafa hafsoshi ne ko 'yan boko masu hali, hafsa yana da ɗan ɗakinsa a cikin rami yana da mai yi masa hidima yana da kyandir da takarda. In ana maganar abinda soja yake gani to a nemo ƙaramin soja mana. Ƙanwata ki nemi Isaac Rosenberg, tunda an ce zaki iya ƙara wani to shi zaki ƙara. Ɗan talakawan Yahudawa ne daga gabashin Landan, mai zane ne, ba kishin ƙasa ya kai shi soja ba rashin aiki ne da kuma ɗan alawus da za a riƙa ba mahaifiyarsa, gashi gajere har sai bataliyar gajeru aka saka shi, farabiti ya shiga farabiti ya mutu ranar 1 ga Afrilu 1918.

Shi baya wa'azi irin na Owen baya zagi irin na Sassoon. A Break of Day in the Trenches gari ne yake wayewa yana gadi ya miƙa hannu ya tsinko jan fure zai maƙala a kunne sai ɓera ya tsallake hannunsa, sai ya kama yi wa ɓeran magana, yace da sun san halinka da sun harbe ka, yanzu ka taɓa hannun Bature ɗan Ingila anjima ka ƙetara ka taɓa na Bajamushe, kuma kai ka fi waɗannan ƙartin damar kaiwa gobe. Akwai wata kuma Louse Hunting, sojoji tsirara da daddare suna tsalle suna farautar ƙwarƙwata a rigunansu da hasken kyandir. Duk wanda ya tashi a bariki ya zauna da tsofaffin soja ya san irin wannan hirar suke yi, ba labarin jarumta ba, labarin yunwa da takalmi da ƙaiƙayi da jiran da baya ƙarewa, kuma suna yi suna dariya. Ko Owen ma ni Exposure tafi burge ni akan ta iskar gubar, dare ne guda ana zaune a rami sanyi yana kashe mutane, yana ta maimaita cewa ba abinda ke faruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abu kuma da yake ɗan sosa min rai, wannan yaƙin dai har da kakanninmu aka yi shi, sojan Najeriya sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916 aka kwashe su zuwa gabashin Afirka, ga dubban 'yan dako da aka ɗiba, a yaƙin duniya na biyu kuma aka kai su ƙasar Bama (Burma). A waƙoƙin da ake koyar daku ba zaki gansu ba ko a gefe. In kina neman inda aka ambace su da bakinmu sai ki koma Maraba da Soja ta Sa'adu Zungur, wadda yayi wa waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya na biyu. Ba nace ki saka a aikinki ba kar malaminku yace kin kauce, amma ki sani.

Uwar Biyu:

Ni abinda zan ƙara, a daina yi kamar mutum huɗu ko biyar ne suka rubuta waƙa a wannan yaƙin. Wata ma'aikaciyar laburare Catherine Reilly ta bi diddigi ta samo sama da mutum 2,000 da aka buga waƙoƙinsu a Birtaniya lokacin, sama da 500 mata ne, kuma mafi yawan abinda mutane suke karantawa a jarida a lokacin irin na Brooke ne ba irin na Owen ba. Owen waƙoƙinsa biyar kacal aka buga yana raye, littafinsa sai 1920 ya fito, kuma ko a 1936 da shahararren mawaƙi Yeats ya haɗa babban kundin waƙoƙin zamani na Oxford ƙin saka shi yayi, wai wahalar da mutum yake sha bai iya komai akai ba abin yi wa waƙa bace. Sai wajen shekarun 1960 ya zama wanda kowane ɗan makaranta yake haddacewa, bayan mai tsara kiɗa Benjamin Britten ya saka waƙoƙinsa a kiɗansa mai suna War Requiem a 1962. Wato wannan rabon na mai gaskiya da maƙaryaci da aka baku a aji, mutanen baya ne suka yi shi ba waɗanda suka yi yaƙin ba.

Sai kuma baiwar Allah Jessie Pope da kullum ita ake jefawa a gaba, eh tayi waƙoƙin zuga a Daily Mail har da wadda ta kamanta yaƙi da wasan ƙwallo tana tambayar wa zai shiga wa zai zauna a benci, kuma Owen da sunanta ya fara sadaukar da Dulce kafin ya goge. Ban wanke ta ba. Amma ba ita ta zana taswirar Somme ba. Sassoon ma yana da wata Glory of Women da ya wanke matan Ingila tas wai suna son soja ne in ya dawo da lambar yabo ko rauni a inda ake iya faɗa, ni kam wannan waƙar haushi take bani, dan a daidai lokacin akwai irinsu Vera Brittain da ta bar karatu a Oxford ta zama nas tana wanke raunukan da ko kallo ba kowa zai iya ba, saurayinta ya mutu ƙaninta ya mutu abokansu biyu suka mutu. Dutsen tunawa da mawaƙan yaƙin da aka kafa a cocin Westminster Abbey a 1985 sunan mawaƙa 16 ne akai, ko mace ɗaya babu. Ki saka ko sakin layi ɗaya ne akan wannan ƙanwata, ba lallai sai wanda ya shiga rami ne ya ga yaƙi ba.

Ɗalibar Adabi:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, Anti wallahi wannan na Yeats ɗin zan buɗe aikin da shi. Yaya Ɗan Bariki na nemo ta ɓeran na karanta, ta fi sauƙin shiga rai. Malam saura abu ɗaya, an ce dole mu taɓa salo ba jigo kawai ba, kuma a takardar da aka raba mana an ce Owen yana amfani da wata irin ƙafiya da bata cika ba, na karanta Strange Meeting har na gaji banji wani amsa-amo ba sam.

Tsohon Ticha:

Yana nan 'yata, kunnenki ne yake jiran irin wanda ya saba. Abinda yake yi shine ya riƙe baƙaƙen kalmomin ƙarshe ya canza wasalin, kamar a Hausa ki rufe ɗango da gari na gaba ki rufe shi da gora. Ki ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin kalmar ƙarshe ta kowane ɗango ki karanta su biyu biyu zaki gani, kuma sau da yawa sautin na biyu ƙasa yake yi. Kunne yana sa ran a sauke shi inda ya dace sai a sauke shi a gefe, haka za a yi ta yi har ƙarshe, mai sauraro baya samun natsuwa. Kuma ya dace da labarin, mutum ne ya tsinci kansa a wani dogon rami ƙarƙashin ƙasa cikin matattu, ɗaya ya tashi ya yi masa doguwar magana akan rayuwar da aka katse musu, sai can ƙarshe yace masa nine abokin gabar da ka soke jiya, kuma abokina yake kiransa.

Ki haɗa wannan da Brooke. Shi sonet yayi, ɗango 14, ƙafiya cikakkiya, komai ya zauna daram, mutuwar ma a tsabtace take. Owen ya ɗauki wannan sonet ɗin dai a Anthem for Doomed Youth, sigar da aka saba yin waƙar soyayya da ita, ya buɗe da tambayar wace ƙararrawar jana'iza za a kaɗa wa masu mutuwa kamar shanu, ya amsa da cewa ƙarar igwa da tatatar bindiga sune addu'arsu. Sassoon kuma makaminsa gatse ne da gajarta. The General ɗango bakwai ce kawai, janar ya wuce yana gaida sojoji da fara'a, biyu daga ciki suna tafiya Arras da kaya a baya suna cewa tsohon nan akwai kirki, sai aka bar fili aka kawo ɗango ɗaya shi kaɗai, tsarin harin da ya yi ne ya gama da su duka biyun.

Hajiya Uwar Biyu na yarda da ke akan Glory of Women, amma ki tuna yadda ya rufe ta, da uwa Bajamushiya tana saƙa wa ɗanta safa alhali fuskarsa ana tattake ta cikin taɓo. Fushin nasa ya wuce gona da iri amma ba mata kaɗai yake nufi ba, duk wanda yake gida ne.

Ɗan Bariki:

Malam a nan kam ina bayan Hajiya, sunan waƙar ma ai mata ya kira bai kira 'yan majalisa ba.

Ƙanwata in da sauran fili ki leƙa yaƙi na biyu ko da layi uku ne, Keith Douglas, sojan tanka ne a hamadar arewacin Afirka, an kashe shi a Normandy a watan Yunin 1944 yana shekara 24. Yana da wata da suka koma inda aka gwabza bayan sati uku suka tarar da gawar Bajamushen da ya harbi tankarsu tana nan a rana ƙudaje sun rufe ta, a gefe ga hoton budurwarsa da ta rubuta masa kar ya manta da ita. Shi ko tausayin ma baya nunawa, yana faɗa miki abinda ke gabansa ne kawai, har yana lura cewa bindigar mutumin bata lalace ba shi ne ya lalace. In kika jera Tennyson 1854, Brooke 1914, Owen da Rosenberg 1916 zuwa 1918, sai Douglas, aikinki ya miƙe da kansa. Shafi nawa aka ce ku rubuta, kuma yaushe ne ranar miƙawa?

Ɗalibar Adabi:

Shafi biyar ne Yaya, ranar Litinin. Inaga Tennyson zan taƙaita dan Rosenberg ya samu wuri, Douglas kuma sai naga yadda filin ya rage. Anti dan Allah in kina da wata waƙa guda ta mace daga lokacin da zan iya ajiyewa kusa da ta Sassoon ki turo min sunanta kafin Asabar.